Baƙon da Ya Tashi da Yunwa

Shekara ashirin Ismaghil, tsohon direba a Arlit, yana jin haushin wani Baturen Ingila da ya taɓa sauka gidansa, ɗan sarauta, tsohon jakada kuma bafade. Rago guda ya yanka masa. Da suka zauna ci, Ismaghil ya yi loma uku ya tsame hannu don baƙo ya ƙoshi. Nan take Baturen ya tsame nasa. Ismaghil ya ɗauka raini ne.

Bana 'yar mutumin ta zo, bayan rasuwarsa. Ta ce a fadarsu, in maigida ya daina ci, kowa ya daina, kuma mahaifinta har ya mutu yana zancen ƙanshin naman nan.

Ismaghil ya ce, "Ashe da yunwa ya bar gidana."