Farin Garin Da Ya Toshe

Auta dai labari ba ya kwana a cikinta. Ranar da mijinta ya bugo waya daga ɗakin gwajin da yake aiki yana ihu wai abin ya yi, kafin la'asar ta gaya wa mamarta, ta gaya wa tela, har mai gadin layinsu sai da ya ji.

"Baban Tsuntsu ya mai da sukari sinadarin yin roba! Sukarin shayi fa! Yanzu kamfani ba za su rufe musu wurin ba."

Dama tsoron ke nan. An ce in bana ba sakamako, kowa ya kama gabansa.

Yau kuma ga sabon labari, haƙori ya fito wa 'yarsu Tsuntsu. Ina Auta za ta iya jiran yamma? Ta goya ta sai wurin aikin.

Ta sami mijin nata zaune gaban wasu 'yan kwalabe, ya zuba tagumi.

"Kawo yatsanka ka ji! 'Yarka ta fara cizo, wallahi ɗazu sai da na yi ƙara."

Ya miƙa yatsan, aka cije shi, ya yi ɗan murmushi.

"To ina abin namu? Nuna min in je in ba Mama labari."

Ya turo mata kwalba ɗaya, farin gari ne a ciki kamar hoda. Ziyolayit sunansa, ya ce. Kowace ƙwaya cike take da ramukan da ido ba ya gani, sukari ya shiga ta nan ya fito ya zama wani abu. Sai ya turo ta biyu. Baƙi ƙirin.

"Wannan kuma gawayin mene ne?"

"Shi ne dai. Sau ɗaya yake yi. In aka sake, sukarin ya ƙone a ciki ya toshe ramukan."

"Yo wannan ne abin tagumi? Jiƙa shi za ka yi da ruwan zafi, kamar tukunyar da ta kama."

"Ruwan zafin ne ke rusa ramukan, Auta."

"To ka gasa shi."

"Na gasa. Kowane gashi sai ya ƙara lalacewa. Da safe mutanen kamfani suka zo, a gabansu na sake gwadawa."

"Sai suka ce me?"

"Sun ce an gode."

Karon farko ke nan da Auta ta ji labari ba ta san wa za ta kai wa ba. Tsuntsu ta yi barci a kafaɗarta, miyau na zuba.

Ya tashi ya rataye farar rigarsa, ya je ya kashe murhun da ke ruri a kusurwa tun kafin aurensu. Ɗakin ya yi tsit. Shirun ne ya tashi yarinyar, ta tsala kuka.

"Yi haƙuri 'yar Baba," in ji Auta tana jijjiga ta, idonta a kan bayansa. "Gida za mu. Dukkanmu."