Na'ura Ta Riga Ta Binne Saveta

Shekara talatin da ɗaya ina rubuta sunayen mamatan garinmu a ofishin makabarta, ban taɓa binne mai rai ba sai da aka kawo mana ci gaba.

Ci gaban ya zo ne cikin wata kwat mai matse hammata, sunansa Kodrin Velea. Shi ne sabon darakta, kuma duk iliminsa a kan makabarta bai wuce cewa ya auri 'yar ƙanwar magajin gari ba. Ranar da ya kama aiki ya tsaya a tsakiyar ofis, ya dubi kantocin da muka jera littattafan kaburbura, ya yatsine fuska kamar an ba shi maɗaci.

"Madam Otiliya, wannan ofis ne ko gidan ɓeraye?"

"Ɓerayen sun fi shekara ɗari a nan, Yallaɓai," na ce, "amma ba su taɓa ɓatar mana da gawa ba."

Bai yi dariya ba. Irinsu ba sa dariya sai in na sama da su ya fara. Ya ce kafin shekara ta zagayo ofishinmu zai zama na farko a lardi da ba a taɓa takarda a cikinsa, ko ta naɗe burodi.

Aka ba wani kamfani daga Bukares, babban birnin ƙasarmu, kwangila. Suka zo da na'urorinsu, suka buɗe littafi na farko, na'ura ta dubi rubutun hannun magabatanmu ta ce ba ta gani ba. Maimakon su zauna su karanta da idon da Allah ya ba su, sai wani mai wayo a cikinsu ya ce ai ga sunayen can a makabarta, an sassaƙa su ɓaro-ɓaro a jikin gicciye. Suka kwashe sati biyu suna bin layi-layi suna ɗaukar hoto, na'ura tana karantawa tana cike gurabe.

To, ko jaririn garin nan ya san yadda muke yi. Miji da mata in sun fara jin gwiwa tana ƙara, sai su nemi kabari mai gurbi biyu, su kafa gicciye, a sassaƙa sunayensu duka da shekarar haihuwa, a bar wurin shekarar mutuwa fili sai ta zo. Ranar Lahadi za ka gan su bayan coci suna cire wa kabarinsu ciyawa, suna faɗa a kan wanda zai kwanta ta gefen bango. Su ma 'yan kamfanin haka iyayensu ke yi, amma wanda ake biya a kan yawan hoto ina ruwansa da iyaye.

Na je na sami darakta na ce, "Yallaɓai, gicciye fa ba littafi ba ne."

"Madam, ke dai tsoron sabon abu kike. An riga an gwada tsarin nan."

Ban san a kan wa aka gwada ba. Da kaka ta shigo aka loda littattafan a mota, aka kai su inda ake niƙa takarda a yi kwalin ƙwai. Ni na sa hannu a kan fitarsu, da yatsa, a jikin gilashin kwamfuta.

Wata Talata da safe Nea Gligor Arhire ya shigo, Nea ɗin nan kamar a ce Baba ne a garinmu. Tsohon makanikin jirgin ƙasa ne, dogo, ya ranƙwafa. Kansa ba hula, gemu ya fara tsirowa, ga baƙin ƙyalle a damtse, ba sai ya faɗa mini an yi masa rasuwa ba. Matarsa Tanti Saveta ce, wato Inna Saveta, wadda ta yi shekaru tana sayar da cuku a bakin kasuwa. Ta cika ranar Litinin, don haka binnewa Laraba, kwana na uku kamar kowa.

"Allah ya gafarta mata, Nea Gligor."

"Amin, 'yata. Layi na tara ne, kusa da babbar bishiyar nan. Ita ta zaɓa, wai ba ta son rana. A ba masu haƙa izini su fara yau, ƙasar ta yi tauri."

Na buga sunan. Gilashi ya yi ja. Gurbin a cike yake, in ji shi, kuma mai gurbin ita ce Saveta Arhire, an binne ta ranar sha huɗu ga Mayun bara. Na san ranar sarai, ranar da masu hoto suka kai layi na tara ce. Inda na'ura ta ga fili a wurin shekarar mutuwa, sai ta cike da ranar da aka ɗauki hoton, don ita ba ta son ganin gurbi a wofi.

Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na karanta masa.

"Bara?" ya ce. "To wa ya dafa mini miyar wake ranar Asabar?"

"Kuskure ne, Nea Gligor."

"Ni fa? Duba min."

Na duba. "Kai ma kana ciki. Rana ɗaya."

"Madalla. Ashe na huta ban sani ba."

Na kira darakta. Ya fito yana goge baki, da alama mun katse masa kofi. Nea Gligor ya buɗe wani tsohon fayil, ya zaro takardar mallakar kabarin, ta yi ruwan ƙasa amma tambarinta raɗau, ga sa hannuna a ƙasa tun ina da ƙuruciya. Darakta bai ko karɓa ba, ya ɗaga hannu biyu kamar an miƙo masa garwashi.

"Kaka, takarda ba hujja ba ce a ofishin nan yanzu. Abin da tsari ya ce shi ne."

"Tsarin naka ya ce matata tana cikin rami. Ni kuma na baro ta a gida kan tebur, da kyandir a hannunta. Taho mu je ka gaishe ta."

"A yi haƙuri, kada a ɗaga murya. Komai yana da hanya."

Ya ture ni daga kujera ya zauna, yana danne-danne da yatsa ɗaya. Can sai fuskarsa ta washe, ya ce ya samo. Tunda tsari ya ɗauka tana ciki, sai a cike buƙatar tono ta, gurbi ya zama fili, sannan a binne ta. Ya dube mu yana jiran tafi. Ya danna, gilashi ya sake yin ja. Ba a tono mamaci sai ya cika shekara bakwai, lokacin da ake tattara ƙasusuwa a wanke su da ruwan inabi a ba wani wuri. Wannan kam kamfanin bai manta ya koya wa na'ura ba. Saura shekara biyar da wata shida, in ji ta.

"Ku tono wa?" Nea Gligor ya ce. "Ramin ma ba a haƙa ba, ɗana. Ciyawa ce da furen da ta shuka."

Darakta ya buga wa kamfani waya. Wata murya mai zaƙi ta ba shi lambar ƙorafi, ta ce za a duba cikin kwana talatin na aiki. Ya rubuta lambar a tafin hannunsa, tunda ba takarda.

Na ja shi gefe. "Yallaɓai, Mitika shugaban masu haƙa ya san wurin nan kamar ɗakinsa. Kalma ɗaya zan faɗa masa ya ɗauki shebur. In an gyara tsarin sai a daidaita."

"Ranar Juma'a manya za su zo daga lardi su ga aikinmu. So kike su tarar da sabon kabari da ba shi da lamba? Gawa biyu a gurbi ɗaya?"

"Gawa ɗaya ce."

"A tsari biyu ne." Ya rage murya. "Wata takwas ya rage miki ki yi ritaya, ko? Ki lallaɓa ki kai."

Zan so in ce na buga tebur, amma ban buga ba. Na raina mutumin nan tun ranar da na fara ganinsa, kuma a wannan safiyar na gane ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu: shi yana tsoron Juma'a, ni ina tsoron wata takwas. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Darakta ya koma wurin tsohon da muryar masu sayar da inshora. Ya ce akwai sabuwar makabarta a bayan babban titi, komai nata na zamani, nan take za a ba da lamba. Na san wurin. Fili ne fetal tsakanin ma'ajiyar tayoyi da layin wutar lantarki, ba bishiya ko ta rataya hula, in an yi ruwa sai da takalmin roba.

Nea Gligor ya daɗe yana kallon takardarsa. Gawa ba ta jiran kwana talatin, ya fi kowa sani. Ya ninke ta ya mayar cikin fayil.

"Shi ke nan. A ba ta can ɗin. Amma a rubuta mini na gefenta, ko ina ne. Shekara hamsin da biyu da aure, ba yanzu za a raba mana ɗaki ba."

"A sabuwar ba a kama wuri," darakta ya ce, har da ɗan alfahari. "Mun hana wannan tsohuwar ɗabi'ar. Sai an shigar da shaidar mutuwa tsari ke ba da lamba, bi da bi, ba son kai."

"To wa zai kwanta kusa da ita?"

"Duk wanda ya biyo baya."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, irin na makanikin da aka gama yi wa bayanin inji. Ya dube ni, ba shi ba.

"Nawa ce lambarta, 'yata?"

"Ɗari uku da sha takwas."

"Mutum nawa kuke samu a sati?"

"Uku. Wani lokaci huɗu."

"Ashe sai na yi sauri," ya ce.

Ya sa fayil ɗinsa a hammata, ya yi mana sai anjima, har da darakta, ya fita yana bin bango. Ranar Laraba aka kai Tanti Saveta bayan titi, motoci suna wucewa har ba a jin abin da limamin coci ke karantawa. Ranar Alhamis da hantsi aka kawo mini shaidar mutuwar wani direban tirela da ba ɗan garinmu ba ne ma. Na shigar, gilashi ya yi kore, ya ba shi ɗari uku da sha tara.