Surar da Na Ba Penisimani

Wa'azi ilimi ne, kuma a ƙauyenmu ni kaɗai nake da shi. Ni na yi shekara uku a jami'a a Suva, ni na karanta Bisharar Markus cikin Helenanci, harshen da aka rubuta ta da shi. Bayanin da nake yi wa sauran masu wa'azi ke nan a ɗakin taron coci, sai Fasto Taniela ya turo takarda gabana. Ya ce za mu bi Markus sura-sura, Lahadi goma sha shida, mu ƙare ranar Ista, idin tashi daga matattu, ni zan raba.

Penisimani ne ya fara ɗaga hannu. Maƙwabcina ne, shingen furanni kawai ya raba gidana da nasa. Manomin doya, a aji shida na firamare ya tsaya. Shekara talatin ina kallon abin da na kasa ganewa: idan ya hau mumbari, mata sukan ajiye mafici, mazan da ke hira a gindin mangwaro su shigo. Idan ni na hau, ana yaba min a bakin ƙofa da idanun da suka huta. Matata Lupe ta taɓa cewa wa'azina yana taimakon masu hawan jini.

Sura ta huɗu ya nema, ta misalin mai shuka da irinsa ya faɗa kan hanya, kan dutse, cikin ƙaya da kan ƙasa mai kyau. Wata ɗaya ke nan da dawowarsa daga asibiti a New Zealand, inda likita ya ce masa ya koma gida ya ci duk abin da ransa ke so. Kwat ɗinsa ta zama kamar ta aro. Kowa a ɗakin ya san dalilin da ya sa yake son surar da ke kusa.

Na kuma san abin da zai faru idan manomi mai bankwana ya hau mumbari da mai shuka. Sai jikokinmu sun ji labarin.

"Peni, kai da sura ta huɗu?" na ce. "Dattijo kamarka ai sai ta ƙarshe. Ranar Ista, coci cike, har da 'yan uwa daga Auckland."

Aka tafa. Fasto ya ce bai taɓa ganin tawali'u irin nawa ba. A wurinmu ba a mayar da girma a gaban jama'a, Peni kuwa ya fi ni sanin haka. Ya ɗaga ido sama, leɓunansa suna motsi.

"Mako goma sha shida," ya ce. "Lopeti, ka fi likitana kyauta."

Aka yi dariya, har da shi. Na rubuta sunana a gaban sura ta huɗu.

Kullum da yamma ina zama a baranda da littattafaina a buɗe, yadda duk mai wucewa zai gani. Masu wa'azin suna wucewa, su gaishe ni, su shiga gidan Peni su tambaye shi abin da za su faɗa ranar Lahadi. Da safe kuma ina jin sa a bayan gida, cikin kunyoyin doyarsa, yana dogara sanda yana magana shi kaɗai. Wane irin manomi ne wannan, in ji shi, mai watsa iri a kan hanya da kan dutse? Ko dai wawa ne, ko kuwa irin ya yi masa yawa har ba ya tsoron asara. Na duba littattafaina uku, babu wannan a ciki. Na rubuta shi a gefen takarda, don ajiya kawai.

A mako na uku matarsa Meleane ta leƙo ta kan shinge da kwandon doya. Ta tambayi lafiyar Lupe, ta tambayi yara, sannan ta ce ko zai yiwu a musanya surorin, tunda ƙafafun Peni sun fara kumbura. Na bayyana mata cewa an riga an buga jadawalin, an manna a ƙofar coci, kuma tsari irin wannan ba a taɓa shi. Ta ce ta gane. Doyar ta yi daɗi.

Na yi wa'azina, minti hamsin, lasifikar da ke kan rufin coci tana kai shi har bakin teku. Na kawo kalmomin Helenanci bakwai. Wajen ƙarshe na ga kawuna sun yi nauyi, sai na ɗauko abin da ke gefen takarda na tambaye su wane irin manomi ne wannan. Mafitai suka tsaya. A bakin ƙofa wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce ashe karatun Suva bai tafi a banza ba.

Peni ya rasu ranar Laraba ta mako na shida, da hantsi, Lupe na shanya kaya ta ji kukan. A wurin jana'iza Fasto ya ce ikilisiya ta tanadar wa bawan Allah sura mafi girma, Ubangiji ya ga ya fi kyau ya je ya gani da idonsa. Ya ambaci sunana sau biyu. Surar Ista, ya ce, ba ta da magaji sai wanda ya yi kyautarta.

Bayan baƙi sun watse na shiga gaishe da Meleane. Tana zaune a ƙasa cikin baƙaƙen kaya, tsohuwar tabarmar makoki ɗaure a ƙugunta har ƙirji, tana naɗe tabarmin da aka zauna a kai. Na ce abin takaici ne da bai samu ya yi wa'azinsa na ƙarshe ba.

"Ya yi," ta ce.

Ranar Lahadin da nake kan mumbari, in ji ta, ya sa ta goge masa farar riga, ta ɗaura masa tabarmar ƙugu, ya sa kwat. Ya zaunar da ita a tsakar ɗaki, ya dafa bayan kujera ya buɗe sura ta huɗu. Sau biyu ta tashi ta riƙe shi.

"Ya ce in rufe tagogi, kada muryarsa ta fita ta shiga cikin taka."

Na san abin da ya kamata mutum ya faɗa a nan. Abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Me ya ce a kan ƙasa mai kyau?"

Ta dube ni, ba da fushi ba.

"Ni aka yi wa wa'azin, Lopeti."

Ta jawo wata tabarma, ta kakkaɓe yashin da ke kai da bayan hannu, ta daidaita bakinta, ta fara naɗewa.