Sandar Inna Tambaya

Tun a mota Hadiza ta lura sandar Inna Tambaya ta yi santsi baki biyu: nan inda tsohuwar ke riƙewa, can inda mai yi mata jagora ke kamawa. Shekara bakwai ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, kuma ɗanta Bello, magidanci mai furfura a gemu, shi ke jan sandar.

Hadiza ma'aikaciyar lafiya ce a shirin da wata ƙungiyar agaji ta ba da kuɗi don a yi wa tsofaffin karkara aikin ido kyauta. Wata biyu tana sintiri zuwa ƙauyen Karakkai tana lallashi. Tsofaffi goma sha ɗaya ta rubuta, goma suka noƙe, wai ba a kai wa wuƙa ido. Tambaya kaɗai ta yarda. Sauran suka ce in ta dawo tana gani, su ma a kawo mota.

Washegarin aikin, ɗakin asibitin Gusau ya cika da jikoki da maƙwabta. Hadiza ko koko ta kasa sha don zumuɗi. Sista Patience, nas ɗin da aka turo daga kudu bara, ta warware bandejin a hankali. Tsohuwa ta yi ta ƙifta ido. Patience ta jawo wanda ya fi kusa, wato Bello, ta tsayar da shi gaban gado.

"Mama, wane ne wannan?"

Tambaya ta kawar da kai, ta dubi bango. Aka sake tambaya, ta ƙara kawar da kai. Patience ta ɗauki biro za ta rubuta ido bai buɗe ba. Hadiza ta hango a ranta motar nan ta dawo daga Karakkai ba kowa ciki. Sai ta ga Bello ma ya sunkuyar da kai yana ja da baya. Nan ta tuna ɗan fari ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta ƙura masa ido a gaban mutane.

Ta riƙe hannun Patience, ta durƙusa gaban gadon. "Inna, ni fa?"

"Ke ce mai surutun nan? Ashe 'yar firit ce ke, muryarki ta fi ki girma. Wa ya ɗaura miki kallabi a karkace?"

Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, har masu jinya na ɗakin gaba suka leƙo. Tsohuwa ta shiga bin mutane ɗaya-ɗaya. Ta ce wa wannan ya tsufa, ta ce wa waccan ta yi ƙiba. Da ta zo kan jikarta Hanatu, ta ce zanen jikinta nata ne, ashe an raba gadonta tun tana raye. Patience, da aka yi mata bayani, ta yi dariya har ta yar da biron. Ita kuwa Hadiza tuni ta fara lissafin kujerun mota.

Cikin hayaniyar ne ta ga Bello ya jingine sandar a bango. Tsohuwa ta bari sai da ya ba da baya, sannan ta ɗaga ido ta bi shi da kallo, tun daga hula har dunduniya. Ya sa takalmansa ya fice.