Ƙarfen Tsamiyar Dogo

Iya Tani ta shafe wa Malam Gwadabe idanu, ta ɗaure masa haɓa da gefen tsohon rawaninsa, sannan ta leƙa ta saman zana ta kira maƙwabciyarta.

"Bara'atu! Malam ya cika. Ki ce a buga ƙarfe."

Ƙarfen nan guntun dogon jirgin ƙasa ne, yana rataye a tsamiyar bakin masallaci, shi ya sa ake ce wa garin Tsamiyar Dogo. Jirgi kam bai taɓa bi ta nan ba. Tsakanin Rano da Kibiya ko mota sai ranar kasuwa. Amma a zamanin gyaɗa mazan garin sun yi leburancin dogo a tashoshin yamma, suka dawo da wandon kaki, da shan shayi, da ƙarya mai daɗin ji. Su suka jawo guntun a amalanke. In ɗan dogo ya rasu sai a buga shi a hankali, a bar sautin ya mutu kafin a sake, yadda ake sallamar jirgi. Na gona ya ajiye fartanya, na rafi ya ajiye guga, a taru. Gwadabe ne ya buga wa abokansa duka, ɗaya bayan ɗaya. Yau shi ne na ƙarshe.

Maimakon ƙarar ƙarfe, sai Tani ta ji sallamar Muhyiddeen, ɗan ƙanin marigayi. Yaron ya yi karatu a birni, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a shi ke faɗin abin da ya halatta a garin, har da tsawon wando.

"Iya, sai haƙuri. Allah ya ji ƙan Baffa." Ya goge ido, don yana son baffan nasa, ba za a yi masa ƙarya ba. "Amma ƙarfe ba za a buga ba. Ƙararrawa ga mamaci ba tamu ba ce."

"Da aka buga wa ubanka, fita ya yi daga musulunci?"

"An yi ne cikin rashin sani."

"Damina ce fa, ɗan nan. Kowa yana gona. Wa zai sallace shi? Kai da kajin gidan nan?"

"Ko mutum uku ne sallah ta yi, Iya. Sunna ita ce a gaggauta."

Ya fita neman masu wanka. Tani ta zauna a bakin gado ta dubi mijinta. Bai bar ɗa namiji ba, 'yan matan biyu suna aure a Kano, sai gobe labari zai kai musu. Abin da yake tinƙaho da shi ke nan kullum: "Tani, ranar da na tafi, sahu sai ya kai bakin rijiya." Ga ranar ta zo, za a tura shi rami kamar an binne iri.

Bara'atu ta shigo da kuka, amma ita kuka ba ya hana ta labari.

"Iya, kin ji abin haushi? Yau fa Alhaji Ramalan zai zo, mai neman ciyaman. Bayan azahar. Da katan-katan na sabulu. Kuma wai ƙarfen za a buga a tara masa jama'a."

"Muhyiddeen ya sani?"

"Shi ya ba da izini! Wai wannan kiran duniya ne, ba ibada ba. Ai an yi masa alkawarin lasifika a masallaci."

Tani ta miƙe, ta zare makullin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta soke.

Da aka gama wanka, Muhyiddeen ya tsaya a bakin ƙofa. "Iya, likkafani. An ce yana akwati."

"Yana ciki. Makullin ne ban gani ba."

"A fasa kwaɗon."

"Akwatin da ya zo da shi daga dogo? Bai ko huce ba za ku fara fasa masa kaya?"

"To a sayo wani a Rano."

"Wasiyya ya bari, a wancan za a sa shi. Ko ita ma wasiyyar bidi'a ce?"

Aka shiga neman makulli. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage tukwane, aka leƙa har akurkin kaji. Tani ma tana tayawa, tana salati, tana cewa tsufa bai yi ba. Bara'atu ta kalli bakin zanin sau ɗaya, ta kau da kai, ta ci gaba da laluben randa. A tarihin garin, ranar ce kaɗai ta ga abu ta yi shiru.

Rana ta take, aka yi azahar. Can sai ƙarfe ya ɗauka: ƙwal-ƙwal-ƙwal-ƙwal, ba tsayawa, kamar ana korar birai daga gonar masara. Tani ta runtse ido. Ba haka ake bugawa ba.

"Af," in ji ta. "Ga shi nan ashe a zanina." Nan da nan aka sa Malam a likkafani, aka fita da shi.

Mutane suka ɓullo ta kowace hanya, da laka har gwiwa, sun zo karɓar sabulu. Suka tarar da makara a gindin tsamiya. To, wa zai ga gawa ya wuce? Aka ruga alwala. Bara'atu ta hau turmi tana leƙe ta saman zana tana kawo rahoto.

"Iya, sahu ya kai rijiya! Ya wuce! Ga Alhajin ma ya shiga sahun gaba, wani yana ɗaukarsa hoto. Kai, ga Alu mai faci yana waige, ko kabbara bai yi daidai ba."

"Makarar fa?"

Bara'atu ta ƙara miƙa wuya. An yi sallama, an buɗe bayan motar sabulu.

"Sun ɗauka. Muhyiddeen ne a gaba. Da tsofaffi kaɗan."

"Sauran?"

"Sun yi layi."

Lasifikar mota ta cika gari. Alhaji Ramalan ya yi ta'aziyyar "dattijon nan namu", bai kama suna ba, ya ce garin nan garin dogo ne, in Allah ya ba shi kujera sai jirgi ya yi kuka a Rano. Aka yi tafi har kaji suka watse.

Da la'asar Muhyiddeen ya dawo, hannuwansa duk jar ƙasa. Ya durƙusa daga nesa, ya ajiye sandar sabulu biyu a gefen tabarmarta.

"In ji Alhaji, na ta'aziyya." Ya sunkuyar da kai. "Sahu ya cika, Iya."

"Na ji."

"Makullin nan kuwa..."

"Ɗauki sabulunka ka kai masallaci, a wanke mamaci na gaba. Ka kuma gaya wa na gaban ya daure, kada ya mutu sai lokacin zaɓe."

Ya ɗauka ya fita, bai ɗago kai ba.

Gida ya yi tsit. Tani ta ja mayafin takaba, ta jawo tsohon kofin shayin Malam, na tasa, wanda bakinsa ya ɓantare. Ta ƙwanƙwasa shi da makullin, ta jira sautin ya mutu. Sannan ta sake.