Saƙon Goggo Kyauta

Ranar da Ndaceko tela ya sayar da keken ɗinkinsa ya sayo babur, ni na fara faɗa masa ba shi da hankali. Ina da hurumin faɗa kuwa, don rumfar facina tana jingine da shagonsa a Barkin Sale, nan Minna, tun muna da sauran ƙuruciya, benci ɗaya muke zama. Mutum ya haura hamsin, furfura har a gira, 'yarsa Aziza ta yi aure a Ketaren Gwari har da goyo, wai yanzu ne zai bar gida ya shiga duniya a kan babur Jincheng.

Na tambaye shi ko acaɓa zai fara. Ya ce Allah ya kiyaye, shi yawo zai yi wanda ba shi da ranar dawowa. Kontagora, Yawuri, Birnin Kebbi, ya tsallaka Nijar, duk inda rana ta faɗi masa nan ne gida. Hujjarsa wai tun yana saurayi yake taka fedar keken ɗinki, da a ce keken hawa ne da tuni ya kai Makka ya dawo, amma ga shi nan inda yake, kullum kwata ɗaya yake kallo da akuyar maƙwabta. Na ce masa ai akuyar ma ta fi shi tunani, tunda ita magariba na yi take komawa gida.

Ya nemi matarsa Rabi'atu ta hau baya su tafi tare. Ta ce da girmanta da jikanta ba za ta zama abin nuni a titi ba. Bai sake ta da maganar ba, ita ma haka. Sai dai ta zo wajen matata ta sha kuka. Ta ce ba Minna ce ta ishi Baban Aziza ba, ita ce ta ishe shi, kunya ce ta hana shi faɗa, shi ya sa ya fake da babur. Maganar nan ta tsaya min a rai, don na san zaman da mutanen nan biyu suka yi, ko musu mai ƙarfi ban taɓa ji daga gidansu ba.

To, kuskuren Nda guda ɗaya ne, ya yi bankwana. Mai son shiga duniya da gaske ai sulalewa yake yi. Shi kuwa ɗan mutunci, gida-gida ya bi yana neman gafara. Kowa kuma ya san mu, ba a ganin matafiyi a ƙyale shi hannu rabbana. Duk inda ya shiga sai an yi masa addu'a, an share hawaye, sannan a ce, tunda dai hanyarka ce. Wannan ta ba shi doya ya kai wa surukarta a Zungeru, wancan ya ba shi galan na manja. Liman ya ba shi zakara. Ita kanta Rabi'atu, da idonta jawur, ta ƙulla turmin atamfa ta ce ya miƙa wa Goggo Kyauta, ƙanwar babanta da ke Kontagora. Ni ma dai na ɗora masa tsohon famfon iska ya kai wa ƙanena a Tegina, ai ba shi da nauyi.

Haka ya tashi, babur ya yi ƙiba har ba a ganin mai shi sai hula, zakaran liman yana cara a baya. Muka raka shi bakin titi, muka ɗaga hannu har ya ɓace. Wallahi ranar ko faci ɗaya ban iya yi da kyau ba.

Ba a yi mako ba sai ga shi. Abin da bai lissafa ba shi ne, wanda aka kai wa saƙo ba ya barin ɗan saƙo ya tafi haka. Wadda aka kai wa doya ta mayar da man shanu, wanda aka kai wa manja ya mayar da buhun gero, wanda aka kai wa zakara kuwa, don a san shi ma ba matsiyaci ba ne, ya ɗaure masa ɗan tunkiya. Ina mutum zai tsallaka Nijar da amanar jama'a tana narkewa a cinyarsa, wata kuma tana kuka a bayansa? Dole ya juyo.

Bankwana na biyu hawayen ba su kai na farko ba, amma kayan sun fi yawa. Kafin na uku mata sun fara jiransa a ƙofar gida da ƙulle-ƙulle, ana tambayarsa yaushe zai sake shiga duniya, don akwai ɗan abin da za a kai Kontagora. Unguwa ta raɗa masa suna Nda Gidan Waya. Mutumin da ya bar sana'a don ya huta da matsin masu ɗinkin sallah, ga shi ana yi masa faɗa wai ya kawo manja a makare.

Abin ya ba ni haushi, na zaunar da shi a benci na ce, "Nda, in tafiyar za ka yi, ka yi ta mu san mun rasa ka. Ka fita ba sallama, kada ka karɓi ko allura, kada ka tsaya gaida kowa a hanya."

Ya ce na yi gaskiya. Ya kuma bi shawarata, ya sulale ba wanda ya sani. Amma bayan 'yan kwanaki sai ga ƙarar Jincheng a layi. Wai ya tsaya shan mai a Kontagora, Goggo Kyauta ta hango shi, ta ba shi kukar miya ya kawo wa Rabi'atu. Ya sake fita, ya dawo da tsintsiya, daga Goggo. Ya sake fita, ya dawo da ludayi. Rabi'atu takan karɓa ba yabo ba fallasa, ta zuba masa tuwo, ya kwana ya wuce. Ta gaya wa matata cewa da ba don amanar Goggo ba, da ko ƙeyarsa ba za ta sake gani ba. Ni kuwa na ƙullaci tsohuwar nan da ban taɓa gani ba. Wace irin mace ce wannan, kullum tana bakin gidan mai kamar mai sayar da rake, ta hana bawan Allah ganin duniya saboda ludayi?

Ana nan sai na ji Goggo Kyauta ta zo Minna a mota, ta kwana biyu tana taya Rabi'atu zama. Na ce yawwa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Bayan la'asar na rufe rumfa na je gaishe ta, da niyyar in gaya mata magana cikin ladabi amma ta ji a jikinta. Na same ta a tsakar gida, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, zaune a inuwa bayan duron ruwa tana jan carbi. Ko gaisuwa ba mu gama ba muka ji babur ya tsaya a waje.

Nda ya shigo da sallama, duk ya yi baƙi ya rame, da ƙulli a hannu. Duro ya kare masa tsohuwar. Ya miƙa wa matarsa ƙullin ya ce, "Maman Aziza, ga daddawa inji Goggo. Jiya na baro ta lafiya lau, sai ɗan ciwon gwiwa. Tana gaishe ki da kyau."

Daga bayan duro aka ce, "Wace Goggon?"

Na ga mutane sun ji kunya a duniya, amma ban taɓa ganin wanda hularsa ma ta ji kunya ba sai ranar. Goggo ta sa aka miƙo mata ƙullin, ta sunsuna, ta ce wannan daddawar kasuwa ce, ita ko maƙiyinta ba za ta aika wa irinta ba. Ta ƙara da cewa rabonta da yaron nan tun ranar da ya kawo mata atamfa, gwiwarta kuma lafiyarta ƙalau, kada ya ja mata.

Rabi'atu ta dube shi ta tambayi kukar, da tsintsiyar, da ludayin. Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. Can ya ce duk shi ya saya. Ya ce yakan wuce Kontagora, hanyar Yawuri ta buɗe a gabansa, ba kaya, ba amanar kowa.

"Sai in ga wani abu, dutse ko kasuwar ƙauye ko garken raƙuma, in waiwayo in ce Maman Aziza dubi. Sai in ga ba kowa a baya. Daga nan babur ɗin ba ya ƙara yi min daɗi. Kuma na riga na yi bankwana da gari, da wane ido zan dawo hannu biyu?"

Goggo ta koma jan carbinta. Rabi'atu ta shige ɗaki, muka ji ana buɗe akwati ana rufewa. Ta fito da mayafi, da jaka, da 'yar tukunyarta, da ludayin nan a soke a gefe. Ta ajiye wa Goggo makullin gida a cinya.

"Baban Aziza, tashi mu tafi kafin unguwa ta ji. In na bar ka kai kaɗai, har ka mutu ba za ka ga Yawuri ba."

Na raka su waje. Ta hau baya da kyar, tana salati, ta riƙe rigarsa tamau. Na buɗe baki zan ce ina da ɗan abin da za a ajiye wa ƙanena a Tegina, ta yi min wani kallo, na mayar da shi addu'a.

Da daddawar nan Goggo Kyauta ta yi miya, ta aiko min, ta ce ashe ba laifi. Ni kuwa na yi ta kasa kunne a benci ko zan ji ƙarar Jincheng a layi. Wannan karon bai dawo ba.