Abin da Kananzir Bai Gani Ba

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina walda a bakin kogin Rupsha, kuma duk garin Khulna ba a yi wanda zai tsaya gabana ya ce ya fi ni, Jobbar Molla, iya haɗa ƙarfe ba. Ban taɓa zaman aji ba, sunana ma da yatsa nake dangwala shi. Amma guguwa biyu ta ritsa da ni a kan ruwa na fito da ƙafata, tukunyar gas ta fashe kusa da ni ta tafi da rabin kunnena na hagu, ga ni nan dai ina shan shayina.

A wancan zamanin, filin ƙera jiragen ruwa na Haji Sobhan Hawladar shi ne fili. Tun daga ƙetaren kogi kake jin guduma. In rana ta take mu zauna a inuwar jirgi, kowa ya buɗe ƙullin shinkafarsa da busasshen kifi, ana tauna ganyen pan, wanda shi ne goronmu, ana zagin juna. Gwajin walda kuwa mun gaje shi ne. Ka shafa farar ƙasa a bayan ɗinkin ƙarfe, ka kwarara kananzir ta ciki, ka je ka sha shayi. In ka dawo ka ga farar ƙasa ta yi tabo, akwai huda. In tana nan fes, jirgi ya yi. Muna kuma da wata doka: mace ba ta taka jirgi sai ya taɓa ruwa. Matar Haji ma a kan tudu take tsayawa da tiren alewa ranar tura jirgi ruwa.

Shekarar da muka ƙera babban jirgin fasinja mai zuwa garin Barisal, aka ce ba zai ɗauki mutane ba sai masu gwajin na'ura sun sa hannu a takarda. Muna jiran ƙato daga babban birni Dhaka, sai ga 'yar siririyar yarinya, hular kwano a kan ɗankwali, ta rungumo akwati. Ta ce sunanta Shefali Khatun.

Haji ya dube ta sama da ƙasa. "Ina injiniyan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Kalam Kazi, wanda muka fara aiki tare tun muna da baƙin gashi, ya ce, "Jama'a, an aiko mana mai yi wa jirgi allura!" Fili ya ɗauki dariya.

Haji ya ce ta tsaya a ƙasa ta duba abin da hannunta ya kai. Ta ce babban ɗinkin yana can ƙasan ciki, kuma ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Ta faɗa masa gaskiya: shekara biyu tana ofis tana jera wa maza takardu, yau ne aka fara fito da ita fili, don duk mazan suna wani aikin. In ta koma ba ta yi gwajin ba, ita da fili har abada.

"Wannan kuma ke ta shafa," in ji Haji.

Kalam ya zungure ni. "Ka ji daɗi, tsoho. Wannan ɗinkin naka ne. Doka ta rufa maka asiri."

Nan jinina ya hau. "Asirin wa? Kai makaho, ni Jobbar za a rufa wa asiri? Haji, a bar ta ta shiga! In jirgin nan ya sami matsala saboda ƙafarta, a ɗora a wuyana. Waldata ba ta tsoron mace, ba ta tsoron akwati."

Da bakina na karya dokar da ta girme ni, ba don tausayin kowa ba, don kada Kalam ya yi mini dariya.

Muka sauka ciki ni da ita. Zafi kamar tukunya. Ta durƙusa, ta shafa wani maiƙo a kan ɗinkin, ta ɗora wani ɗan abu kamar akwatin ashana tana ja a hankali, idonta a kan gilashin na'ura inda wani koren layi yake rawa.

"Me yake gaya miki, 'yata?"

"Sauti nake turawa cikin ƙarfen, Baba. In ya tarar da rami sai ya dawo da wuri."

"Ashe guduma ce ta masu boko."

Ta yi murmushi. "Hannunka yana da kyau, Baba. Ban taɓa ganin ɗinki a miƙe haka ba."

Na ce ai ba yau aka fara faɗa ba. Taku ashirin muka yi ina ba ta labarin guguwa. Sai ta tsaya. Ta koma baya, ta sake ja. Ta ciro alli ta zana da'ira, tsawon tafin hannu.

"Akwai rami a nan, a tsakiyar ƙarfen."

Na buga guduma a wurin, ƙara ta fito tas. Na kira Haji da Kalam, na sa aka shafa farar ƙasa ta waje, na kwarara kananzir da hannuna. Muka sha shayi kofi biyu. Farar ƙasa tana nan fes kamar audugar garin Jessore.

"To, malama likita," in ji Kalam, "mara lafiyan naki ya warke."

Ta ce, "Kananzir hudar da ta ratsa kawai yake gani. Wannan a rufe take, sai jirgi ya sha dukan igiyar ruwa za ta buɗe. Ba zan sa hannu ba."

Ba ta janye ba. Haji ya ce zai shiga ofis ya kira kamfaninsu, a turo namiji, a kuma gaya musu yarinyarsu ta zo ta ɓata sunan tsohon da ya fi ubanta sanin ƙarfe.

Ni kuwa ina kallon da'irar allin, sai na gane wurin. Daidai haƙarƙarin jirgi na goma sha bakwai. Ranar da na ɗinka shi, ruwan damina ya kwana uku yana zuba. Mu a filin, sandunan walda a gefen murhun mai shayi muke ajiye su don kada su sha sanyi, domin sanda mai danshi rami take bari a cikin ɗinki. Ran nan ruwa ya cinye rumfar shayin, murhu ya mutu. Sanduna huɗu suka rage mini, na ji su da danshi, na goga su a jikin zanena na ce hannun Jobbar ya fi ƙarfin danshi. Ba wanda ya gani. In na yi shiru, na tsira da sunana, ita kuma ta koma jera takardu.

Haji ya kai taki na uku a tsanin fita daga jirgin na ce, "Dakata. A miƙo mini injin gurza ƙarfe."

"Jobbar, ka haukace? Za ka fasa aikinka?" in ji Haji.

"Aikina ne, ni zan fasa shi."

Na gurza a kan allin. Tartsatsi ya lafa, muka leƙa. Ga su nan a jere, ƙananan ramuka kamar cin gara, daga farkon da'irar zuwa ƙarshenta, ba ƙari ba ragi. Kalam ya buɗe baki ya kasa rufewa. Mutum ɗari huɗu jirgin nan zai riƙa ɗauka.

Na gasa sababbin sanduna da kaina, na sake ɗinkin. Ta sake jan ɗan akwatinta, koren layi ya kwanta lafiya. Ta sa hannu a gaban Haji. Da za ta tafi ta ce, "Baba, na gode." Na ce, "Godiyar me? Ki dai faɗa musu a Dhaka, gyaran ma ba wanda zai yi shi kamar nawa."

Yanzu filin Haji ya zama wurin sauke yashi. Kalam ya rasu, mai shayi ya rasu, ba a jin guduma daga ƙetare. Shefali kuwa mata shida ne a ƙarƙashinta, suna yawo da akwatunansu daga tashar jiragen Mongla har ta Chittagong. Duk ƙaramar salla takan zo mini da sabon zane da ganyen pan, ta zauna a tabarmata ta ce in ba ta labarin guguwa. Jirgin Barisal yana wucewa ta gaban gidana duk Talata da Juma'a. In na ji ƙahonsa nakan fito in gaya wa duk wanda ke kusa cewa ni na ɗinka shi, kuma babbar injiniyar da ta gwada shi, ni na fara shigar da ita jirgi.